Zugazugin Motar Yaya

A wayata akwai wani ɗan bidiyo mai tsawon daƙiƙa 41. Babu fuskar kowa a ciki. Hannu ne kawai, ya yi baƙi ƙirin da mai, yana juya fulin wani dunƙulen alminiyon da bai fi ƙaramin tulu girma ba, daga baya ana jin hayaniyar kasuwa da ƙugin janareta. Can wajen ƙarshe mai hannun ya ce, “Alhaji, ka dai gani da idonka, kamar sabo.” Ni ne Alhajin. Shekarata 23, ina aji uku a sashen kimiyya na jami'ar Damagaram, kuma duk abin da na mallaka a duniya bai kai kuɗin da ake nema a kan ƙarfen nan ba.

Na kalli bidiyon a amfi malami na tsaka da darasi. Na kalle shi a layin resto. Na kalle shi ƙarfe biyun dare, abokan ɗakina na minshari. Abin da ke cikinsa sunansa kwamfaresa, ba irin ta firij ko ta sanyin mota ba, wadda ke hura wa inji iska. Tana wani shago a Ƙofar Ruwa a Kano, an ciro ta daga wata motar da ban san inda ta mutu ba. Kuɗinta in aka juya naira zuwa sefa, jika 110. Wata biyu na yi ina yawo da tambaya guda a kaina: in saya ko in bari?

Bari in fara da motar, tunda ba tawa ba ce. Ta yayana ce. Marsandi ce C200 Kompressor ƙirar 2003, ruwan azurfa, cikin waɗanda ake saukewa a Kwatano bayan Turawa sun gama cin ƙuruciyarsu. A 2021 ya saye ta, bayan ya yi shekara shida a Libiya yana aikin jera tayil. Ranar da ya shigo da ita ƙauyenmu, a ƙasar Dungas, dattawa suka yi masa barka da baki, da ya juya baya suka girgiza kai. Wa ke kawo mota mai ciki a ƙasa garin da yashi ke haɗiye amalanke? Me ya hana shi sayen Hilux ko wata tsohuwar Toyota da za ta riƙa ɗaukar kaya zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis? Amsar da Yaya ya ba Inna ita ce, shekara shida ya yi a durƙushe a gidajen mutane, yana son abu guda da zai shiga ya miƙe ƙafa.

Sai ga shi motar ta zama ta gari. Ita ke kai amarya. Ita ke ɗauko Inna in ta je gaisuwar rasuwa Bande ko Waca. Abin da ya fi duka, ita ke ɗaukar mai naƙuda ko wanda maciji ya sara da tsakar dare, domin duk gajartarta, kawunmu da ya yi shekaru yana tuƙin motar haya ya san inda zai bi da ita har ya hau burji. Yara ba su iya karanta rubutun da ke bayanta ba, suka sa mata suna Kwamfaresa, har shi kansa Yaya sunan ya bi shi.

Da zai koma Sabha ya miƙa wa Inna makulli, ya ce in ina gida ni zan ja, in ba na nan Kawu. Sannan ya ja ni gefe ya ce, “Furofesa, abu uku. Kar ka wuce lokacin juyen baƙin mai. Kar ka zuba mata man kwalba in dai akwai na gidan mai. Kar ka taɓa abin da ba ka gane ba.” Na ce, “Haba Yaya, ni da nake karanta yadda inji ke aiki?” Ya ce, “Shi ya sa na faɗa maka.”

Ga wanda bai san abin da ake magana a kai ba, ku tuna maƙera. Gawayi na ci a hankali, sai yaron maƙeri ya danna zugazugi, wuta ta tashi ta yi fari har ƙarfe ya yi laushi. Gawayin bai ƙaru ba, iska ce ta ƙaru. Injin fetur ma wuta ce a rufe. Kowane kilo guda na mai yana bukatar iska wajen kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. In ka yi lissafin, lita ɗaya ta esans tana shan iska kusan lita dubu tara. Inji na yau da kullum da kansa yake zuƙo iskar, iya abin da silindarsa za ta ɗauka. Kwamfaresa kuwa cusa masa take yi, kamar yadda ake danna gero a buhu don ya ci fiye da mudun da ya saba. Iska ta yi yawa, kwamfutar motar ta ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Da haka injin lita 1.8 mai silinda huɗu ke ba da ƙarfin doki 163.

Bambancinta da turbo, wanda kuke jin fitonsa a manyan motocin gazuwal, shi ne turbo hayaƙin salansa ke juya shi, sai inji ya ɗau gudu yake farkawa. Ita kuwa kwamfaresa bel ne ke jan ta kai tsaye daga inji, kana taka totur tana amsawa. A cikinta akwai wasu ƙarafa biyu murɗaɗɗu, kowane da kunya uku, suna juyawa cikin juna ba tare da sun taɓa juna ba. Tazarar da ke tsakaninsu siririya ce kamar kaurin takarda, kuma in inji ya buɗe wuta suna juyawa fiye da sau dubu goma a minti guda. Dabarar tsohuwa ce. Wasu ƴan'uwa biyu masu suna Roots, a jihar Indiyana ta Amurka, suka yi mata rajista a 1860, aka riƙa amfani da ita wajen hura wutar narka ƙarfe. Ke nan asalinta ma zugazugi ce. Kamfanin Marsandi ya nuna motocinsa na farko masu ɗauke da ita a Barlin a 1921. Duk wannan na san shi tun kafin abin ya faru, kuma zan iya zana muku shi a allo. Ku riƙe wannan a ranku.

Watan Fabrairu na bana, kowa na gaggawar ɗaura aure kafin azumi, hazo ya rufe gari. Aka yi bikin wani abokinmu na ƙuruciya, amarya daga wani ƙauye kusa da Magarya. Kun san yadda rakiyar amarya take a wajenmu yanzu: babura a gaba suna ɗaga ƙafa, motoci a baya kowa na son ya riga kowa, ƴanmata na ihu ta taga. Daren jajibiri wani abokina, wanda ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu muna cin tuwo tare, ya nuna mini wani bidiyo na samarin wata ƙasa da suka cire matacin iskar motarsu, kwamfaresa na kuka kamar jirgi zai tashi. Ya ce, “Filtar nan shaƙe ta yake yi. Cire shi ka ji muryarta ta gaskiya.” Na san iska lita dubu tara ke bi ta wurin a kowace litar mai. Na kuma san abin da ke cikin iskar hunturu, tunda shi nake sharewa daga kan littattafaina kowace safiya. Na buɗe akwatin, na zare filtar, na jefa shi bayan mota.

Wallahi ta yi kuka. Ina taka ta sai wani siririn fito ya tashi, yara suka bi mu da gudu. A kan burji na bi bayan wata tsohuwar bas cikin jan ƙurarta, ban ga komai ba na wajen daƙiƙa goma, sannan na fito na wuce ta, na wuce wata Corolla, na iso ƙofar gidan ango ni ne na ɗaya. Aka yi ta dukan bonet ana kiran “Kwamfaresa! Kwamfaresa!” Sunan yayana ne, amma ranar ni aka kira da shi, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini daɗi ƙwarai. Daɗin ne ya sa ban mayar da filtar ba washegari. Na ce sai bayan biki na gaba. Aka yi biki uku. Na koma makaranta na manta, Kawu ya ci gaba da jan ta bai san komai ba. Mako uku cur tana shaƙar ƙasar Dungas ba tacewa.

Farkon azumi na dawo gida na tayar da ita, sai na ji fiton ya sauya. Ya koma wani gurnani, kamar ana niƙa tsakuwa a turmin ƙarfe. Ƙarfinta ma ya ragu, a ɗan hawan da take wucewa ba ta sani ba sai da ta yi nishi. Na lallaɓa da ita Magarya wurin wani tsohon makanike da Yaya ke kai wa, wanda ya fara aiki tun zamanin Fijo 404. Kowa Baba yake ce masa. Ya ɗora dogon sukundireba a jikin kwamfaresar, ya kara kunnensa a ƙotar, ya yi shiru. Sannan ya buɗe akwatin filta ya ga wayam. Bai dube ni ba.

“Ɗana, ɓarawo ne ya sace, ko kai ne?”

“Ni ne, Baba.”

“To alhamdu lillahi. Da ɓarawo ne da sai mu yi ta neman sa.”

Ya kwance ta ya haska mini ciki da tocila. Baƙin shafen da ke jikin ƙarafan nan biyu ya kankare, jikin alminiyon ya yi zane-zane kamar an ja ƙaya a kan yashi, boris ɗin baya kuma ya fara wasa. Ya ce iskar da ya kamata ta wuce gaba tana zillewa ta koma baya ta cikin zanen, shi ya sa ƙarfi ya ragu. Amma abin tsoron shi ne ranar da boris zai cije. Bel guda ne ke jan ta tare da dinamo da famfon ruwa. In ta ƙame, bel ya tsinke, batir ya daina caji, ruwa ya daina zagayawa, inji ya tafasa. Kuma garin ƙarfen da take ci daga jikinta ba waje yake fita ba, cikin inji yake tafiya. Ya ce, “Kar ka ƙara tayar da ita.” Muka tura ta ƙarƙashin bedi, aka rufa mata tsohuwar tabarma.

A gida na ce wa Inna wani ɗan ƙaramin abu ne ake jira daga Kano. Yaya kuwa ban ce masa komai ba. In ya turo saƙo ya ce, “Ya mutuniyar?” sai in ce, “Tana gaishe ka.” Dabarata ita ce in gyara kafin ya zo Sallar Layya, ya tarar da ita yadda ya bar ta.

Sabuwa dai ba a ma maganarta. Ko an samu, kuɗinta zai tasam ma rabin kuɗin motar. Saura ta hannu. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan Yulin 2023, kayan Kwatano suka yi wuya suka yi tsada a wajenmu, don haka ido ya koma Kano, inda a Ƙofar Ruwa za ka samu kusan kowane ƙarfen da aka taɓa ɗaura wa mota. Wani direban da ke bin hanyar Tinkim da Ɓaɓura ya haɗa ni da mai shago, shi ne ya turo bidiyon. Da farko na yi murna, don tun da naira ta faɗi a 2023 mai riƙe da sefa ji yake kamar attajiri in ya tsallaka. Amma masu kayan mota da dala suke sayowa, su ma sun iya lissafi, abin da naira ta rage sun mayar a kan farashi.

Na kai wa Baba bidiyon. Ya kalla sau ɗaya ya miƙo mini wayar. Ya ce, “Hannun nan sau nawa yake juya ta a minti? Sittin? Ita da za ta yi dubu goma. Ko tawa da ke ƙarƙashin bedi in na juya maka da hannu haka za ta yi.” Daga nan ya sa na ɗauko takarda. Na farko lamba: a tafi da tsohuwar a ajiye su gefe da gefe, domin motocin da aka yi kafin 2002 rubutun bayansu iri ɗaya ne amma injinsu lita 2.0 ne, kwamfaresarsu daban. Na biyu a haska bakinta a ga shafen ƙarafan, in ya kankare ko akwai zane, a ajiye. Na uku a juya fuli gaba a dawo da shi baya, in ya yi ɗan tafiya kafin na ciki su motsa, mahaɗin da ke tsakani ya ci. Na huɗu a girgiza fulin gefe da gefe don a ji boris. Na biyar a buɗe ƙusar mai, don tana da nata man daban, ɗan kaɗan, wanda ba ya haɗuwa da na inji. Warinsa ba daɗi ko da lafiyarta ƙalau, wannan ba komai, amma in an ga ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, ko aka tarar ya ƙafe, a yi sallama da mai shago. Na ƙarshe ya ce in ji tsoron wadda ta cika tsabta. Wadda aka wanke da fetur aka fesa wa fentin azurfa, akwai abin da ake rufewa. Cikin shidan nan babu ko ɗaya da ake iya yi ta waya. Cinikin biri a sama ke nan.

Na tambayi mai shago ko akwai garanti. Ya ce kwana uku, in ba ta yi ba a dawo da ita ya canza, amma kuɗi ba ya dawowa. Na lissafa: kwana ɗaya a hanya, kwana ɗaya wajen ɗaurawa, kwana ɗaya wajen mayarwa. Boris ɗin da ya kusa mutuwa kuwa zai iya yin wata guda yana yi maka ladabi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, na yarda, amma ni so nake in san girman hudar kafin in biya.

Sannan jika 110 ɗin nan farkon lissafi ne. Akwai ɗan lagireton da ke sanyaya iskar bayan an matse ta, dole a kwance shi a wanke, in ba haka ba garin ƙarfen da ya maƙale ciki zai bi iska ya shiga inji. Akwai sabon bel, sabon filta, juyen baƙin mai, kuɗin mota, kuɗin hannun Baba. Muka tara, ya tashi wajen jika 170. Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan nauyi. Ƙurar da ta ci kwamfaresa ba a nan ta tsaya ba, ta wuce cikin silinda. Baba ya auna matsin kowace ɗaya da agogonsa, uku suka zo kusa da juna, ta huɗu ta ɗan yi ƙasa. Ya ce za ta yi tafiya, amma ba zai rantse mini shekara nawa ba. In ringin fistin sun ci, sabuwar zugazugi za ta ƙara gaggauta musu ne kawai. Ke nan zan iya zuba jika 170 a kan injin da na riga na rage wa kwana.

Kuma don ku san irin zuciyar da nake fama da ita: ana cikin haka mai shago ya ce yana da wata daga C230 Kompressor, in na ƙara jika 20. Injin lita 1.8 ɗin nan ne dai, amma doki 192. Na san kwamfutar waccan motar da matsin injinta an tsara su daban. Na san iskar da aka ƙara matsewa ƙara zafi take, ga watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ga littafin motar na neman mai mai lamba 95, alhali a watan Maris na 2025 da aka yi ta dogon layi a gidajen mai, abin da ka samu shi za ka zuba, ko da ruwa-ruwa ne na kwalba. Inji mai matsi in ya haɗu da zafi da raunanan mai, wutar kan tashi kafin lokacinta, ta riƙa dukan fistin kamar guduma. Duk na sani. Amma sai da na kwana ina tunanin dawakin nan 29. Mutumin da ke neman gira har ya kusa rasa ido, ga shi yana tambayar kuɗin kwalli.

To ina kuɗin? Ina da jika 60 da na tara daga burs da kuma darasin da nake ba wasu ƴan lise da yamma. Na kwamfutar da zan rubuta aikin ƙarshen lisans ne, don na gaji da aron ta mutane daga sha biyun dare zuwa asuba. Sai raguna biyu da muke kiwo ni da Inna, ɗaya nawa ɗaya nata, ita ke ba su harawa da dusa tun kaka. In na sayar da nawa a Afrilu na yi asarar ribar Sallah. Ko na haɗa da jika 60 ɗin, da ƙyar ya kai. Sai na tsinci kaina ina kallon ragon Inna ina tsara ƙaryar da zan yi mata. Nan na fara jin tsoron kaina.

Cikin hutun da muka yi a Afrilu, wani dare wajen ƙarfe ɗaya, aka buga mana ƙofa. Maƙwabcinmu ne, matarsa na kan gwiwa tun magariba, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Ya san motar ba ta nan, ruɗewa ce ta kawo shi inda ya saba zuwa. Aka ɗaura shanu a amalanke, aka shimfiɗa katifa. Na bi su da tocila. Kilomita 11 ne zuwa likitar da ta fi kusa, tafiyar da Kawu ke yi cikin minti 25. Mun fi awa biyu. Ba zan kwatanta muku sautin da ke fitowa daga amalanken nan ba. Ta haihu da asuba, namiji, yana raye. Ita kuwa ta zubar da jini da yawa, aka wuce da ita Magarya, ta kwana tara a asibiti kafin ta dawo.

Ranar suna mijin ya kama hannuna ya ce, “Allah ya kawo kayan motar nan da wuri, na san kai ma abin na damunka.” Ba wanda ya zarge ni, don ba wanda ya sani. Na koma ɗaki na ƙirga: mako bakwai motar na ƙarƙashin bedi. A mako bakwai ɗin nan ina ce wa kaina nazari nake, ina auna boris da lamba da canjin naira. Gaskiyar ita ce tun makon farko akwai mutum ɗaya da zai iya yanke maganar cikin minti biyar, mai motar, kuma shi kaɗai ne ban tambaya ba. Abin da nake ta ciniki a Ƙofar Ruwa rufin asirina ne, kuma matar maƙwabcinmu ta riga ta biya wani kaso na kuɗin ba da saninta ba.

Daren nan na yi wa Yaya saƙon murya. Sau huɗu ina gogewa, don kowane karo sai in ji na sako hazo, ko abokina, ko tsufan mota a ciki. Na biyar na ce, “Yaya, na cire filtar iska don a ji kukanta a wurin biki, na bar ta haka mako uku. Kwamfaresa ta lalace, wataƙila inji ma ya taɓu. Tun farkon azumi take wurin Baba. Na yi maka ƙarya, na yi wa Inna.” Na tura. Alamar ta nuna ya saurara. Kwana uku bai ce uffan ba. Na gwammace ya zage ni.

Ran na huɗu saƙo ya shigo, daƙiƙa 50, ana jin injin yankan tayil a bayansa. Ya ce, “Furofesa, na ji. Ban amsa ba ne don abin da zan faɗa a ranar ba zai yi kyau ba. Kar ka sayi komai ta waya. Ka ɗauki Baba ku je Kano da tsohuwar a buhu, ka biya masa mota da abinci, abin da ya ce a saya shi za a saya, in ya ce a bari a bari. Irin tata za a sa, ban son jin wata maganar doki. Rabin kuɗin ni, rabi kai, kuma kar ka kuskura ka taɓa ragon Inna. Makulli daga yau wurin Kawu. Ka je da kanka ka faɗa wa Inna, kar ta ji a bakina.” Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, “Ta yi kukan kuwa?” Na rubuta masa, “Ta yi.” Ya turo, “Shege.”

Faɗa wa Inna ya fi wuya. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba har na gama. Abin da ta ce kawai, “Ka je ka gaida mai jego, ka kai mata sabulu.” Na je.

Na sayar da ragona makon jiya. Ban taki sa'a ba, domin a watan Mayun 2025 an dakatar da fitar da dabbobi waje kafin Sallah, masu saye don kaiwa Maigatari sun janye, kasuwa ta yi sanyi. Jika 75 aka ba ni a kan ragon da na sa ran zai haura 100. Na cika goma daga kuɗin kwamfuta, rabona ya tashi. Saura jika 50 a asusun, ke nan kamarad ɗin da ke ara mini tasa zai ci gaba da ganina ƙarfe sha biyun dare har a gama shekara.

Ran Asabar mai zuwa za mu kama hanyar Tinkim ni da Baba, in Allah ya kai mu. Tsohuwar kwamfaresar na cikin buhun siminti, takardar abu shida na aljihuna, na kuma sayi sabon batir na tocila. Baba ya riga ya gargaɗe ni cewa mai yiwuwa mu duba goma mu dawo hannu rabbana, kuma in haka ta faru ba na son ya ga na ɓata rai. Mai shagon ya sake kira jiya, ya ce Alhaji ya yi sauri, akwai wani daga Katsina da ke so. Na ce masa in na Katsina ya riga mu, Allah ya sa albarka. Damina ta kusa, kuma a unguwarmu kaɗai mata uku ne ke da tsohon ciki.